Gurbin Saudat

Jan biro ne a hannun Farfesa Shamsuddeen, kuma bai ko ɗago kai ba lokacin da ya ja layi a kan suna na huɗu.

"Saudat Alu Kahu," ya karanta bayan ya riga ya soke. "Wannan sai wani zagayen."

Dakta Mas'uda, da ke tsaye a gaban teburinsa, ta dubi sunan da aka soke. Shekara biyu ta yi tana bin wannan tallafi da jami'a ke bai wa malamai don su buɗe wa ɗalibai hanyar ƙaro ilimi a ƙasashen waje. Ta rubuta, aka dawo mata da shi, ta sake rubutawa. Daga ƙarshe aka amince ta tafi Kenya da ɗalibai huɗu na tsawon wata uku, su ga yadda makiyayan can ke adana madara ba ta lalacewa. Duk rubutun nan kuwa a kan aikin Saudat ta ɗora shi, 'yar makiyayan da ta haɗa cuku da ruwan tumfafiya ya yi kwana goma bai yi tsami ba.

"Ranka ya daɗe, ai yarinyar nan ita ce aikin. Fasfonta ma yana jakata."

"Zauna mana, Dakta." Ya murza idanunsa kamar wanda ya gaji da maganar tun kafin a fara ta. "Fatima Zahra'u ce za ta shiga. Daga sama aka turo sunan. Mahaifinta na cikin masu sa hannu kafin a saki tallafin."

"Ba ma a sashenmu take ba. Ta taɓa ganin yadda ake tatsar saniya?"

"Za ta gani a Kenya. Ko ki tafi da huɗun da ke takardar nan, ko kowa ya zauna. Sauran ukun ma 'ya'yan talakawa ne, ki tuna da su."

Ta miƙe. Har ta kama ƙofa ya kira ta.

"Af, ki zo da ita filin jirgi ranar tafiya. Rahotonmu yana buƙatar hoton ɗalibar karkara. In da hali ta sa kayan Fulani."

*

Ranar Asabar da hantsi Dakta Mas'uda ta wuce Rano, ta wuce Kibiya, ta karkata kan hanyar Kahu da ruwan jiya ya mayar taɓo. Tun daga Kano take shirya maganar a bakinta, tana rushewa tana sakewa. Tana isa ƙofar gidan Malam Alu, mahaifin Saudat, ta gane ta makara.

Tabarmi ne shimfiɗe a gindin ɗorawa, malamai sun shafa addu'a ke nan. Daga cikin gida ana jin luguden mata, ana dakan dakuwar guzuri. Malam Alu ya taso da sauri, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Maraba da Dakta! Jama'a, ga wadda za ta kai Saudatu ƙasar waje!"

Wansa Isma'ila, da ke kishingiɗe da ƙwaryar fura a gabansa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Dakta, ki faɗa mini tsakani da Allah. Jirgin nan zai ɗauki 'yar Alu kuwa? Ni dai na ce masa irin wannan abu na 'ya'yan masu motoci ne."

"Yaya, sha furarka," in ji Malam Alu yana dariya. "Ranar Laraba da kaina zan kai ka Kano ka gani da idonka." Ya juyo gare ta, ya rage murya. "Shekara uku 'yan'uwana suna mini dariya, Dakta. Wai na raba yarinya da shanu na kai ta inda ba a san ubanta ba. Ranar kasuwar Kibiya babu rumfar da ban shiga na faɗa ba."

"Allah ya sa albarka," kawai Dakta ta ce.

Saudat ce ta cece ta. Ta fito da gudu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ja ta bayan gida wajen turakun maruƙa wai za ta nuna mata sabon cuku. A nan Dakta Mas'uda ta zaro fasfon ta miƙa mata.

Saudat ba ta karɓa ba. Ta dubi ɗan koren littafin, ta dubi fuskar malamarta.

"Ba ke kika ce za ki riƙe shi har filin jirgi ba, Malama?"

Wani maraƙi ya ja igiyarsa yana kuka.

"An cire ni," in ji Saudat.

"An cire ki. Wallahi na yi magana, Saudat."

"Wa aka sa?"

Ta faɗa mata duka, har da maganar hoton, don ba ta ga amfanin rage komai ba. Ta yi zaton kuka. Sai ta ga yarinyar ta zauna a kan turmin da aka kife, ta ƙura wa dangar gidan ido, inda muryar mahaifinta ke tashi yana ba wani baƙo labarin Kenya, wai can shanunsu ko ƙaho ba su da shi.

"Zan zo a ɗauki hoton," in ji Saudat. "Amma kada ki gaya wa Baffa. Akwai inda zan zauna a Kano wata uku?"

"Me kike nufi?"

"Ya ga na shiga filin jirgi, shi ke nan. In kun dawo na dawo. Ki riƙa turo mini abin da kuka koya, in samu abin faɗa."

"In kin kira shi fa? Lambar gida zai gani."

"Baffa ba ya karanta lamba. A nan ma sai an hau dutse ake samun sabis."

"Saudat, wannan ƙarya ce fa."

"Hoton ma ƙarya ne, Malama. Tasu ta rahoto ce, tawa ta Baffa ce." Ta share hancinta da gefen mayafi. "In Baffa Isma'ila ya ji, ƙannena mata biyu ba za su ƙara taka makaranta ba. Shi ma Baffa ba zai sake iya shiga kasuwa ba."

Dakta Mas'uda ta mayar da fasfon cikin jaka.

*

Ranar Laraba bayan azahar aka baza ƙyallen jami'a a ƙofar filin jirgi. Farfesa Shamsuddeen da kansa ya tsara tsayuwar, ya sa Saudat a tsakiya da farar rigarta ta saƙi mai jan zare. Wata doguwar yarinya mai baƙin tabarau da akwatuna uku ta matso kusa da ita tana murmushi.

"Kai, rigarki ta yi kyau! Ni ce Fatima Zahra'u. Ke ma Kenya za ki?"

"Kalli mai hoto," in ji Saudat.

Da aka gama, Malam Alu ya dafa kanta. "Ki riƙe salla. Ki bi maganar Dakta. Kada ki ji kunyar tambaya, don tambaya aka kai ki."

"To, Baffa."

Ta ɗauki jakarta ta bi layin ɗaliban ta shige. A ciki Ramlatu, ƙanwar Dakta Mas'uda, tana jira. Dakta ta riƙe hannun Saudat kamar za ta yi magana, aka kira masu tafiya, ta saki. Ramlatu ta rufa mata babban hijabi, ta fitar da ita ta ƙofar masu isowa, ta sa ta a kujerar baya ta motarta mai baƙin gilashi.

"Mu tafi?"

"Anti, ɗan jira."

Daga nan Saudat tana hango mahaifinta da Isma'ila a bakin shingen waya, su biyu, cikin rana. Isma'ila ya gaji ya tsuguna. Malam Alu bai zauna ba. Aka kira la'asar suka yi salla a kan rawanin da suka shimfiɗa, ya koma ya tsaya inda yake.

Can ƙarar ta taso. Jirgin ya ɗaga hanci ya rabu da ƙasa. Malam Alu ya fizgo hannun rigar wansa har ya kusa kayar da shi, ya cire malafarsa yana kaɗa ta sama da hannu biyu, yana tafiya da baya don kada jirgin ya ɓace masa.

Ramlatu ta tayar da mota.

"Anti, bari ya gama," in ji Saudat.