Baban Sito Yana Jiran Manaja

"Ki ƙara rage ta nan wajen kafaɗa," in ji Baban Sito. "Ba na so su zo su tarar da ni kamar an rataya riga a ƙusa."

Ina durƙushe a bakin gadonsa, allura a bakina, rigar kamfanin sabulu a hannuna. Shuɗiya ce da, amma wanki ya cinye ta har ta fara komawa fara, tambarin aljihun ma ya kusa gogewa. Karo na uku ke nan ina rage ta cikin wata biyu, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi.

"Su wa za su zo, Baba?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Manaja mana. Yau Alhamis. Ranar Alhamis yake samun sarari bayan taro."

Ba wanda ya ce masa manaja zai zo. Shi ya zauna ya tsara abinsa, ya sa wa mutum rana da lokaci. Inna, matarsa, ta share tsakar gida sau biyu, ta aro kujerun roba huɗu daga shagona, ta sayo lemon kwalba ta jiƙa a bokitin ruwan sanyi. Muka sa masa rigar, ni ina tallafe da bayansa, ita tana zura hannun da ya mutu. Ya jingina da matasai uku, fuskarsa a ƙofa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai ya ɗaga hannu mu yi shiru. Haka muka wuni. Da yamma, don haushi, na fasa lemo ɗaya na shanye a tsaye.

Ni tela ce. Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da gidansu, shekara ashirin ke nan. Ban taɓa yi wa kowa aikin albashi ba, kuma abin da na gani a wurin maƙwabcin nan bai sa ni sha'awa ba.

Shekara talatin da shida ya yi yana riƙe da siton kamfanin, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa. Labarin yadda aka ɗauke shi kuwa na ji ya fi sau ɗari. Wai yana dako a bakin ƙofar kamfanin, kwali ya fashe, sabulai suka watse. Ya tsince su tas, har da guda ɗaya da ya gangara kwata, ya wanko shi ya mayar. Tsohon mai kamfanin yana kallo ta taga. Ya leƙo ya ce, "Kai, gobe ka zo da safe." Ba takarda, ba tambayoyi, ba sa hannu. A kan wannan kalma ɗaya Baba ya ɗauki rayuwarsa cancak ya miƙa wa mutane.

In yana maganar kamfanin ba ya cewa "su". Sai dai "mun sayo sabon inji", "mun buɗe reshe".

"Ku da wa?" Inna takan ce. "Ni dai ban ga ƙafar inji a gidan nan ba."

Ranar da ta haifi Auta yana sito, don ana sauke kaya. Sau biyu wani kamfani yana nemansa da albashi mai tsoka, ya ce shi ba ya cin amana. Da tsohon ya rasu, ɗansa ya dawo daga karatu ya hau kujera, shi ne manajan da muke jira. Ya kawo kwamfuta sito, ya ɗauko wani saurayi mai digiri, ya ce Baba ya koya masa aiki. Wata uku Baba yana nuna masa kowane lungu, har kantar da rufi ke yoyo a kanta in ana ruwa. Da ya gama koyarwa aka tara ma'aikata na minti goma sha biyar, aka tafa masa, aka ba shi takardar yabo da kwalin sabulu ɗaya, aka sallame shi. Ya shigo layinmu da kwalin a ka yana washe baki. Ni na ji kunya, shi bai ji ba.

Auta kuwa ita ce ɗaya gefen. Shekara bakwai da gama karatu, wurin aikinta na biyar ke nan. Yanzu tana sashen ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin inshora. Wayoyi biyu, takalmi mai tsini, in tana gaishe ka idonta na kan allo. Kafin ciwon ya hana Baba doguwar magana, ta katanga nake jin su duk ƙarshen mako.

"Kin sake barin wurin? Me suka yi miki?"

"Ba su yi min komai ba, Baba. Na samu wanda ya fi."

"Mutumin da ke tsalle-tsalle haka, wa zai yarda ya ba shi makulli?"

"Yanzu ba a ba da makulli. Kati ne, ranar da suka gaji da kai su kashe shi daga ofis. Aiki ne fa, ba aure ba."

"Mu a zamaninmu..."

"Zamaninku ya ba ka kwalin sabulu."

Gaskiya ta faɗa, amma kada ku ɗauka ita ta fi su. A shagona, ina auna ta, ta taɓa gaya min da bakinta cewa in takardun neman aiki suka taru, duk wanda ya wuce arba'in gefe take tura shi ba tare da ta karanta ba. "Ba sa koyon sabon abu, Anti," ta ce, tana ɗaga hannu in auna ƙugunta. Da takardar ubanta za ta faɗo hannunta, daƙiƙa biyu ba za ta yi a kan tebur ba.

Alhamis uku muka yi ta jera kujeru muna kwashewa. Bayan ta ukun Baba ya daina cin abinci. Likita ya ce a bar shi a gida, a yi masa abin da yake so. Auta ta shigo shagona ta rufe ƙofa don kada ya ji, ta kira kamfanin, ta buɗe muryar wayar don in ji. Wata yarinya mai zaƙin baki ta ɗauka.

"A wane sashe kika ce ya yi aiki?"

"Sito. Shekara talatin da shida."

"Ayya, Allah ya ba shi lafiya. Manaja yana taro. Ki turo saƙo a rubuce, za a duba."

Auta ta kashe wayar. Ta zauna a kan tarin yadina, abin da na hana kowa, na ƙyale ta. Can ta ɗago.

"Anti, wanda ya gaji Baba a siton, takardarsa tana teburina. Ya bar su wata huɗu da suka wuce, yana neman aiki a wurinmu."

"To, sai me?"

"Zai zo."

Ya zo kuwa, ranar Talata da hantsi. Ya tono tsohuwar rigar kamfanin ya sa, ya riƙo ledar ayaba da lemu wadda na tabbata Auta ce ta saya. Tun daga ƙofa yake rusuna mata kamar ita ce marar lafiyar. "Ranki ya daɗe, a nan zan zauna? In fara yanzu?" Mutum da gemunsa, yana rawar jiki a gaban yarinyar da ya girma, don kujerar da bai ma gani ba.

Baba yana ganin shuɗin rigar ya yunƙura zai tashi, sai da muka riƙe shi.

"Baba, ya jiki? Manaja ne ya aiko ni. Ya ce a gaishe ka ƙwarai, tafiya ce ta kama shi. Ya ce kamfani ba zai taɓa mantawa da kai ba."

Ya haddace abinsa tsaf. Yana gamawa ya saci kallon Auta ya ga ko ya ci.

Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Bakinsa a karkace, maganar na fita da ƙyar.

"An gyara rufin nan?"

"An gyara, Baba. Tuni."

"Yau Talata. Ranar sauke kaya. Wa ka bar wa sito?"

Mai digirin ya sake satar kallon Auta. Wannan ba ta cikin abin da aka koya masa.

"Tashi ka koma," in ji Baba. "Ba a barin sito ranar Talata. Ka ce wa manaja na gode."

Ko lemon da Inna ta fasa masa bai sha ba. Auta ta raka shi waje, ina jin sa yana cewa, "To, ranki ya daɗe, sai na ji daga gare ki." Inna ta bi su da kwalbar a hannu. Muka rage ni da Baba. Na miƙe zan gyara masa matashi, ya kama gefen zanena.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan ya bar mu, ko?"

Na ci gaba da gyara matashin.

"Hannunsa ba ƙamshi. Wanda ke sito, ko ya yi wanka sau uku sai ka ji sabulu a jikinsa." Ya huta. "Kada ki gaya wa Auta na gane. Ta yi ƙoƙari."

Na so in ce masa, to tunda ka gane wannan, sauran fa? Na so in ce manajan nan ko fuskarka aka nuna masa sai ya tambaya. Ban ce ba. Ya lumshe ido, sannan ya ƙara da abin da ya sa na kusa jefar da matashin.

"Allah sarki manaja. Yanzu wa ke riƙe masa da sito?"

Bayan kwana biyu, da safe, ya rasu, Inna tana goge masa fuska da tsumma. Ita ta leƙo ta katanga ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar za ta ari almakashi.

Sai a kwana na uku kamfani ya samu sarari. Mota baƙa ta toshe mana layi. Manaja ya fito, matashi mai tumbi da turare, bayansa wata mata riƙe da fayil da wani mai kyamara. Ya zauna a kujerar robata, ya fara duba ta ko da ƙura. Ya ce marigayi uba ne a gare su, ya ce kamfaninsu iyali ɗaya ne, ya ce irin su marigayi ne ginshiƙi. Sau biyu ya zo faɗin sunan, sau biyu matar ta matso da fayil ya leƙa.

"Matasan yanzu ba su da wannan riƙon amana, Mama," ya ce wa Inna yana girgiza kai. "Ka ɗauke su yau, gobe sun gudu. Da za mu samu irinsa goma..."

"Ai kun samu ɗaya," in ji Inna.

Ya yi murmushi, bai gane ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Mai kyamara ya ce Mama ta ɗan matso, ta ɗan ɗago kai. Aka ɗauka sau uku. Minti goma sha biyu suka yi, na duba.

Da suka tafi na sami Auta a bayan gida tana danna waya, idonta jajir.

"Shi wancan mai digirin fa? Kin ɗauke shi?"

"An ɗauki wani."

"Bayan ya zo ya yi miki wasan kwaikwayo?"

"Anti, wuri uku ya yi cikin shekara huɗu." Ta share hanci. "Irinsu ba sa zama."

Na dube ta sama da ƙasa, na kwashi kujeruna na koma shago.

Washegari da sassafe ina share ƙofar shago motar ma'aikatan kamfanin ta shigo kwanar layinmu. A nan take ɗaukar Baba a da, amma tun da aka sallame shi ta canja hanya, don ba mai shiga a nan. Direban tsoho ne mai furfura, sa'ansa. Ya tsaya daidai jikin falwaya, ya buɗe ƙofa. Ma'aikatan da ke ciki kowa kansa a sunkuye kan waya, ba wanda ya ɗago ya ga dalilin tsayawar. Injin na ta kaɗawa. Direban ya zauna hannu biyu a kan sitiyari yana kallon ƙofar gidan, kamar minti ɗaya. Sannan ya ja ƙofar ya rufe, ya sa giya.