Allurar Kashe Fushi

Kafinta ya shiga gidan yari ne saboda ya kashe abokin sana'arsa da guduma, a kan wata gardama da shi kansa ya manta mafarinta. Mutum ne mai saurin hawa. Kana taka masa silifa zai shaƙe ka, sannan ya koma gefe ya yi ta kuka yana roƙonka gafara. Tela ne kaɗai ya iya zama da shi. Ɗakinsu ɗaya, kuma a rumfar sana'a keken ɗinkinsa na kusa da bencin Kafinta.

"Yaya, kai ko sauro ka kashe sai ka je wa danginsa ta'aziyya," Tela yakan ce masa.

Ana nan sai wani kamfani ya turo likita da wata allura da ya ce tana kashe fushi. Duk wanda ya yarda a gwada a kansa, za a rage masa shekaru. Kafinta ya bar 'yarsa tana rarrafe, ga shi har ta fara zuwa makaranta. Shi ya fara ɗaga hannu.

Ya dawo da kai a aske, da tabon allura a ƙeya. Bai ƙara faɗa da kowa ba, bai kuma ƙara kuka ba. Ranar ziyara matarsa ta kawo yarinyar, ta rungume ƙafarsa tana kiran Baba. Ya yi ta kallon tsakiyar kanta har lokaci ya ƙare.

"Na san 'yata ce," ya ce wa Tela daga baya, "kamar yadda na san wannan katako ne. Iyakarta ke nan."

Da likita ya gamsu, sai ya gayyato manyan kamfanin zuwa rumfar don su gani da idonsu. Ya sa wani gandiroba ya mari Kafinta. Ya mare shi har leɓensa ya fashe, ya zagi uwarsa, ya tofa masa yawu. Kafinta bai ko ƙifta ido ba. Likita ya kama wuyan hannunsa yana murmushi.

"Kun gani? Bugun zuciyarsa ko canzawa bai yi ba."

Baƙin na cikin tafi Kafinta ya juya hannun, ya danne tafin likitan a kan benci, ya ɗora ƙusa, ya buga da guduma. Ya ɗauki ta biyu ya gyara mata zama kamar mai haɗa kujera.

"Likita, me kake ji?" ya tambaya a hankali. "Gaya mini. Ni na manta yadda yake."

Likita sai ihu yake. Gandirobobi suka rufe Kafinta da kulki. Tela ya ji ƙarar karyewar kafaɗar Kafinta, amma sai kawai Kafinta ya mayar da gudumar ɗaya hannun. Gandiroban da ya mare shi ya matso, gudumar ta sauka a goshinsa, ya zube a cikin garin katako yana shure-shure. Tela ya rungumo Kafinta ta baya.

"Yaya, ni ne. Don Allah ka bari."

"Na san kai ne," in ji Kafinta, ya lanƙwasa masa yatsu biyu har suka karye, ya ture shi. Sannan ya ɗauki zarto ya koma kan likita.

Sai da aka harbe shi ya tsaya. Tela na kwance yana riƙe da hannunsa, ya lura cewa duk baƙin sun gudu ban da wani mai furfura. Yana tsaye, jini ya ɓata masa takalmi, yana kallon gawar Kafinta yana gyaɗa kai irin na wanda ya ga kaya ya yaba.

Ba a rufe gwajin ba. Wani sabon likita aka kawo, kuma wannan karon ba a tambayi kowa ko ya yarda ba. Kullum sai a ɗebi mutane daga ɗakuna, su dawo da kai a aske, su zauna shiru. Gidan da a da hayaniya ba ta barin mutum ya ji kiran sunansa, ya koma ana jin ɗigar famfo.

Ranar da Tela ya ga gandirobobi sun nufo kekensa, ya ɗauki almakashi ya luma a cinyarsa har maƙura, don a fitar da shi asibitin waje. Suka ɗauke shi a kan gadon marasa lafiya, jini na bin ƙasa. Da suka iso babbar ƙofa ba su tsaya ba. Suka karya hagu, zuwa ɗakin sabon likita.