Tarkon Tela

Ƙamus ɗin tela ya tsufa har sai da ya ɗinka masa bango da ƙyallen wando. Shekara goma sha ɗaya yana shiga gasar haɗa kalmomi, dabararsa kuwa guda ce. Akwai kalmomin da suka yi kama da aikatau, amma ƙamus bai yarda a yi musu ƙari ba. Duk ya bi su da jan biro. Sai ya ajiye ɗaya a kan allo, ya bar mata fili, ya yi fuskar tausayi. Abokin wasa na ƙara haruffa, ya ɗaga hannu, alƙali ya soke.

Duk da haka bai taɓa cin kofi ba. Kantar ajiye shi dai ya kafa a shago tuntuni, har da awo.

Matarsa ce ke riƙe masa ƙamus kowace safiya, tana tambaya, yana taka keken ɗinki yana amsawa. Bana aka rasa mutum ɗaya da zai cika 'yan gasa, ta ce a rubuta ta. Ya yi dariya har da tari. Sai ga su a wasan ƙarshe, su biyu, kofi na kallonsu.

Ya ɗana tarkonsa. Ta ƙara haruffa uku.

"Haba, uwar yara, har ke?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Janye, ban gani ba."

"Ɗaga hannun mana, maigida. Ko ciwon kafaɗar ne ya motsa?"

Ya ɗaga. Alƙali ya buɗe nasa ƙamus, sabo fil, ya bi layi da yatsa.

"Tana nan. Bugun bana ya karɓe ta. Ka yi asarar zagayenka."

"Wane bugun bana?"

"Wanda na kawo maka, ka ce naka bai mutu ba," in ji matar. "Shi ka tokare ƙafar keke da shi. In ka fita nakan zaro."

Daga nan bai sake kamo ta ba.

A hanyar gida shi ta ba riƙon kofin. Maƙwabta suka yi ta ɗaga masa hannu.

"Tela, an ci ke nan?"

"An ci," ya ce, yana murmushi har kunne. Bai yi ƙarya ba.

Kofin ya zauna a kantar daram, kamar don shi aka yanka katakon.

"Awo dai ka iya," ta ce. "Gobe kai za ka riƙe ƙamus."