Rigar Ɗanbaba

Saude ta zare wa mijinta riga a hankali, hannun hagu tukuna, sannan na daman da ya ƙi ɗaguwa.

"Malam, don girman Allah yau ka faɗi gaskiya," ta ce. "Ba 'yan dubiya ba ne, balle ka yi ta ce musu da sauƙi."

Ɗanbaba ya gyaɗa kai, ta fita ta bar shi a ɗakin awo na asibitin. Shekara ashirin yana bugun shinkafa a jikin duro a gonakin Kura, sai bana jijiyar kafaɗarsa ta yage. Wata uku ana yi masa gashi, kaka ta wuce shi yana zaune, rumbu ya kusa ƙarewa. Yau za a ba shi maki. Wanda makinsa ya yi ƙasa, likitocin da za su zo daga Kano su yi masa aiki kyauta. Wanda ya samu sauƙi kuwa a sallame shi.

Da ƙofa ta buɗe sai ya ɗaga kai. Ba likitan da ya saba gani ba ne. Fa'iza ce, 'yar amininsa ta Bunkure, wadda da shi aka ci tuwon sunanta.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

Ta zauna da takarda. "Ciwon yana hana ka barci?"

"To, kaɗan-kaɗan."

"Kana iya cuɗa bayanka?"

Ya sunkuyar da kai. Yaya za a yi ya gaya wa yarinyar da take kamar 'yar cikinsa cewa matarsa ce ke yi masa wanka? "Ina iyawa."

"Riga fa, da kanka kake sawa?"

"Da kaina mana."

Ta ce ya ɗaga hannu. Maimakon ya tsaya inda ciwon ya tsayar da shi, sai ya cije, ya karkace jiki, ya tura hannun sama har gumi ya keto masa. Namiji dai!

Fa'iza ta haɗa maki, ta yi murmushi. "Kai, Baba, madalla! Ai ka wuce layin masu aiki. Sai ka sa rigarka, an sallame ka."

Nan take ya ji kamar ya kurma ihu. Da bakinsa ya kori kansa, ga Saude a waje tana jira.

Ya ɗauki rigar da hagu, ya cusa kai. Hannun dama ya ƙi bin hanya. Ya sake gwadawa, azaba ta ratsa shi har wuya. Haka ya tsaya tsakiyar ɗaki, riga ta rufe masa fuska, yana nishi a cikinta.

Ya ji biron Fa'iza ya daina motsi. Can sai ya ji an yage takarda, an buɗe ƙofa.

"Mama," in ji Fa'iza, murya ƙasa-ƙasa, "shigo ki taya shi. In kin gama ki zauna, ke zan tambaya."