Dutsen Taimamar Hammadu

"Kai ne, Muntari. Kai ka kwantar da shi. Ba ciwo ba, ba tsufa ba, bakinka!"

A ƙofar masallacin unguwarsu a Getso Uwaliya ta tare shi, ana fitowa daga sallar Azahar, ƙafarsa ɗaya cikin takalmi ɗaya a ƙasa. Mutane suka tsaya cak. Tsohuwa ce da ba a saba ganinta a nan ba, ga mayafi ya zame, ga wani abu mai nauyi ƙunshe a bakin zani ta rungume.

"Inna, ina wuni? Lafiya dai?"

"Riƙe gaisuwarka. Da lafiya za ka gan ni a nan?"

Ta kwance ƙunshin ta dire abin a gabansa. Dutse ne ruwan toka, kamar laka ta daskare, bai fi curin fura biyu ba. Gefe ɗaya ya yi sumul yana sheƙi. Ɗaya gefen kuwa duk zanen ƙananan katantanwa ne, ga wani abu baƙi mai tsini ya leƙo daga ciki kamar ƙaya.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mijinta Hammadu ya san dutsen nan. Tun yana saurayi, lokacin da yake kai shanun mahaifinsa ƙasar Sakkwato, ya tsince shi a wani kwazazzabo, ya jefa a jaka don taimama in ruwa ya yi wuya a daji. Tafin hannunsa ne ya goge gefen nan har ya yi sumul. Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ƙirji kuma ya ƙi ruwa, har in ya taɓa shi sai zazzaɓi da tari, sai dutsen ya dawo gefen katifa. In an kira salla Uwaliya ta tura masa, ya buga da hannun da ke motsi, ta taya shi shafa ɗayan, ya yi sallarsa a zaune. Shekaru suna haka, ba wanda ya ji kansu.

Sai Badaruddeen, ɗan ƙanen Hammadu da ke karatun duwatsu a jami'a, ya zo hutu. Ya shiga gaida baffansa, idonsa ya faɗa kan dutsen, ya manta da gaisuwar. Ya juya shi, ya haska da waya, ya ɗauki hotonsa. Wai can ƙasar Sakkwato teku ne ya taɓa rufe ta, tun ba a yi mutum ba. Wai lakar gindin tekun ce ta daskare da halittun da suka mutu a ciki, baƙin abin nan kuma haƙorin kifi ne. Hammadu ya yi dariya har da tari, ya ce shi da ya sha ƙishirwa a wurin ba wanda zai gaya masa teku. Da a nan maganar ta tsaya, da shi ke nan. Amma yaron ya kai hoton teburin mai shayi, Muntari na zaune, wanda bai daɗe da fara jan salla ba in Liman ba ya nan.

"Washegari ka shigo mini gida," in ji Uwaliya, tana nuna shi da yatsa. "Na shimfiɗa maka tabarma, na dama maka fura da hannuna. Ka shanye tas. Sannan ka dubi mutumin da yake sa'an ubanka ka ce masa ba a taimama da ƙashin mushe."

"Inna, ni cewa na yi akwai shubuha..."

"Ni ban san shubuha ba, ban yi makaranta ba. Abin da na sani ya tambaye ka, 'To sallolin baya fa?' Ka ɗaga kafaɗa ka ce Allah ne masani, ka sa takalminka ka fita. Ƙarya na yi?"

Muntari ya dubi jama'a. Ba wanda ya taimake shi.

Abin da ya biyo baya ita kaɗai ta gani. Hammadu ya sa ta ɗauke dutsen daga ɗakin. Ya ce a kawo buta, ta hana. Tana bayan gida tana ba awaki dusa ta ji faɗuwa. Ta same shi a bakin randa, ya ja jiki da gwiwar hannu, riga sharkaf, goshi a fashe. Zazzaɓin da ya biyo sai da aka ɗauko mai allura daga Gwarzo. Yanzu ruwa ya gagara, dutse kuma ya ce ko gawarsa kada a kusanta da shi. Ta ɗebo masa ƙasa a faranti, ya ce wa ya san abin da ya mutu a cikinta ita ma. In ladan ya kira salla sai ya juya fuska bango. Mutumin da ko ranar da ɓarayi suka kore masa shanu bai zubar da hawaye ba, ga shi tana jin shesshekarsa ta cikin bargo. Abinci ya daina karɓa. Abin da yake maimaitawa kawai, da wane ido zai je gaban Allah.

"Ina ɗaya munafukin?" Ta waiga. "Bada! Na gan ka, fito daga bayan mutane. Tsawonka ba ya ɓuya."

Badaruddeen ya matso yana sosa ƙeya. "Wallahi Inna ni ban ce mushe ba. Ai ya riga ya zama dutse, ba sauran ƙashi a ciki. Siffar ce kawai ta rage."

"Au! Ka san haka?"

"Haka aka koya mana."

"Ka san haka, baffanka na kwance yana kuka, kana yawo da hotonsa a waya kamar ka samu budurwa? Me ya hana ka shiga ka gaya masa?"

"Ai maganar addini ce, Inna, ba fannina ba ne."

Wani dattijo a gefe ya ce, "Af."

Uwaliya ta juya. "Ka ji ko, Muntari? Ya ce dutse ne."

"To in dai ya tabbata dutse ne, ai hukuncin ya canza. Amma ni ban karanci duwatsu ba, shi ya ce haƙori. Bari Liman ya dawo daga Kabo, ko ni in je in tambayi malamina, in sha Allahu zuwa jibi..."

"Jibi!" Ta tafa hannu har sai da tantabarun kan masallaci suka tashi. "Da za ka rushe masa sallar shekara da shekaru, Kabo ka je? Daga teburin shayi ka miƙe! Rushewa ba ta buƙaci malaminka ba, sai gyara? Wannan ya ce ba fanninsa ba, wannan ya ce bai karanta ba. To da kuka haɗu kuka yi masa wannan aiki, wa ya tambaye ku fanni?"

Dattijon ya ce, "Uwaliya, yi haƙuri, a bi a hankali."

"Malam Nata'ala, kai ma ka yi kiwo da shi. Ka taɓa ganin ya bar salla ta wuce? Yau ma Azahar ta wuce shi ina kallo. Haƙurin ka kai masa, in zai ci."

Ta sunkuya ta tura dutsen da hannu biyu har ya tsaya tsakanin ƙafafun samarin, gefen da ya yi sumul yana sama. Sannan ta gyara mayafi ta zauna daram a kan dakalin masallacin, daidai inda mai jan salla zai bi ya shiga.

"Ni ba zan mayar da shi ba, daga hannuna ba zai karɓa ba. Ku kuka raba shi da shi. Ku ɗauka ku biyu, ku durƙusa a gabansa. Kai ka ce masa dutse ne, da bakinka, yadda ka faɗa yanzu. Kai kuma ka ce masa sallarsa ta yi, in kuwa ba ta yi ba a wuyanka. In ba za ka iya faɗin haka ba, to ka gaya masa da me zai yi La'asar, don ga ta nan tafe. Kuma wallahi Muntari, ba za ka ja kowa salla a masallacin nan ba shi yana can fuska a bango, sai dai ka tsallake ni. Ina jinku. Wa zai fara ɗauka?"