Mai Koriyar Riga a Abhur

"Ki gani da idonki, Abla, tunda ke ba kya yarda da maganar kowa."

Rabi'a maƙwabciyarmu ce ta faɗi haka, ta cusa min wayarta kusan a hanci. Muna zaune a falon Sauda, kwana biyu da rasuwar mijinta Abdulƙahar, mata cike har bakin ƙofa, ana zagayawa da gahawa da dabino. Na ɗora tabarau. Wani mutum ne mai koriyar riga yake gudu cikin yashi da keke a kafaɗa. Daga nesa aka ɗauke shi, kuma ta baya. Ya yi gudu, ya yi gudu, sai ya kife. Nan bidiyon ya ƙare.

"Kin gani?" Rabi'a ta rage murya. "Keken 'yar Abdulƙahar ne ya lalace ana cikin tsere, shi kuma ya saɓi nasa ya bi ta da shi a guje. Mai ciwon zuciya fa! Yarinya ta ƙi zama kamar 'ya'yan mutane, ga abin da ta jawo."

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Turowa aka yi."

"Wa ya turo?"

"Ya Abla Mansura, turowa aka yi, halas, magana ta ƙare!"

Lissafi na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, shi ya sa ake ce min Abla, wato malama, kuma ban taɓa ba ɗaliba maki don ta rubuta min "an ce" ba. Na ce ta tura min bidiyon a wayata.

Ƙofata da ta Abdulƙahar suna kallon juna, a hawa na uku na wani bene a unguwar Safa, a birnin Jidda. Kakansa da kakana duk alhazai ne da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. Shi a rumbunan tashar jiragen ruwa ya yi aikinsa, yana tuƙa motar ɗaga kaya. Mutum ne dogo, marar yawan magana, har sai an taɓo zancen keke. Ba irin keken da ake yawo da shi a bakin teku ba. Nasu tsere ne na lokacin sanyi, a wani fili bayan unguwar Abhur: a bi yashi, a hau tudu, a sauka a saɓi keken a kafaɗa a tsallake katako, a sake hayewa. Kowa a duniya gudun taɓo yake, su kuwa motar ruwa suke kira ta zo ta kwaɓa musu shi. Da zarar zafin Jidda ya sassauta, kowace Juma'a da sassafe sai na ji shi yana sauka da takalman tserensa masu ƙarfe a tafi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ƙasa. Mun yi shekaru muna faɗa a kan ƙarar nan da taɓon da yake bar min a matakala. Daga baya 'yarsa Wejdan ta bi sahunsa, ƙarar ta zama biyu.

A bana likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Wata uku kafin rasuwarsa na tarar da shi zaune a tsakiyar matakala da ledar burodi a cinya, yana maida numfashi.

"Abu Wejdan, yau kuma a nan aka kafa majalisa?"

"Ina duba miki taɓo ne, Abla, ko akwai wanda ya rage."

"Likita ya ce ka bar keke."

"Ya ce in bar hawa. Bai ce in bar kallo ba."

Sauda ta leƙo daga sama, ludayi a hannunta. "Ki zama shaida, Abla. Ya faɗa a gabanki."

Ya ɗaga kai ya dube ta. "Wallahi ba zan hau ba, ba kuma zan yi gudu ba. Zama zan yi in riƙe wa Wejdan keken canji, shi ke nan."

"Na ji," na ce. "In ka karya, ni zan fara sani. Takalmanka ba sa iya rufa asiri."

Ya yi dariya har ta zame masa tari.

Wannan rantsuwa ce ta hana Sauda sakat. Bayan an watse daga zaman makoki, gidan ya yi tsit irin wanda ban so ba. Da can ta bango nake jin uwa da 'ya suna gardama a kan gishirin miya. Yanzu ko motsin cokali babu. Na shiga wata safiya na tarar da Sauda a kan dadduma, ƙofar ɗakin Wejdan a rufe.

"Abla, ke kin yi karatu. In mutum ya rasu da karyayyar rantsuwa, iyalinsa za su iya yi masa kaffara?"

"Wa ya ce miki ya karya?"

"Kowa ya gani." Ta murza carbinta. "Da sunan Allah ya rantse min. Ita kuma, in na dube ta, shi nake gani yana faɗuwa. 'Yata ce, amma na kasa zuba mata abinci."

Na ƙwanƙwasa wa Wejdan. Yarinya ce mai aikin kantin magani, tana jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki rabi Larabci ne, ni ma Khala take ce min, wato inna.

"Kin kalli bidiyon?"

"La, Khala. Ba zan iya ba."

"To me kika gani da idonki?"

"Sarƙar kekena ta tsinke a can ƙarshen fili. Na ɗauke shi na yi gudu zuwa wurin canji. Baba ne kullum yake miƙo min ɗayan. Ranar wani ne ya miƙo, ya ce yalla, tafi. Na tafi. Na ƙarasa tsere ina murna, Khala. Ina murna!" Ta rufe fuska. "Halas. Kekunan duka a sayar."

Da na fito na tsaya a bakin ƙofarsu. Takalman tserensa suna nan a kan kantar takalma, ƙura ta kwanta a kansu. Duk sanyin bana ƙara ɗaya nake ji a matakala, ta Wejdan. Na koma na sake kallon bidiyon, na tsayar da shi, na buɗa hoton da yatsu. Mutumin yana sanye da hular kwano da takalman tsere. Na kai wa Sauda wannan magana ina jin na gama aiki.

"Aro ya yi," ta ce. "Ko ya ɓoye wasu a mota. Kin san mazan nan."

Gaskiyarta ce, hujjata ba ta cika ba. Ita takaba ta ɗaure ta a gida, Wejdan kuwa ta kashe wayarta. Saura ni. Ranar Juma'a bayan asuba na tayar da 'yar motata, wadda na koyi tuƙa ta bayan furfura ta gama cika min kai, na nufi Abhur.

Filin yana bayan wasu gine-gine da ba a gama ba. An kafa sanduna, an ja jan zare mai faɗi ya yi ta lanƙwasa kamar hanji. Motar ruwa ta riga ta yi aikinta. Iska mai sanyi tana tasowa daga teku, wasu na kaɗa ƙararrawa, wasu na ihu. Na fito, takalmina ya nutse.

Abin da na fara gani shi ya sa na tsaya cak. Koriyar riga. Ga wata. Ga wata can. Maza fiye da goma, duk riga iri ɗaya, ta ƙungiyarsu. Mu a benenmu mutum ɗaya tak muka taɓa gani da rigar nan, don haka duk mai koriyar riga da keke a kafaɗa, a wurinmu Abdulƙahar ne.

Ina nan tsaye aka busa usur. Suka zagayo, suka iso wani tudun yashi, kowa ya diro ya saɓi kekensa. Wani mai jiki a cikinsu ya yi gudu, ya yi gudu, ya kife. 'Yan kallo suka sheƙe da dariya, suna kiran "Meshari! Meshari!" Ya miƙe ya karkaɗe gemu ya ci gaba. Na ciro wayata na duba. Tudun da ke cikin bidiyon ne, har da turken lantarkin da ke bayansa.

Da aka gama na tare shi, na nuna masa. Balarabe ne, da Larabci muka yi.

"Ya Khala, wannan ni ne. Kowane mako a nan nake faɗuwa, tudun nan ya tsane ni. Wa ya yaɗa ni haka?"

"A unguwarmu ka mutu."

Dariyarsa ta ɗauke da na yi masa bayani. Ya dafa ƙirji. "Allah ya jiƙan Abu Wejdan. Ki ga Dabo, shi ne yake tare da shi."

Dabo ma'aikacin jinya ne daga Zariya, aikin kwangila ya kawo shi Jidda. Na same shi a wurin canji, wani ɗan fili da aka keɓe, da bokitai da kekuna a jingine. Ya rusuna ya gaishe ni.

"Ɗana, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ranar da Abdulƙahar ya rasu, ya yi gudu?"

"Gudu, Mama? Ko tashi bai yi ba."

"Kada ka lallashe ni. Wane uba ne zai ga 'yarsa a can keke ya mutu mata, ga wani a hannunsa, ya zauna?"

"Ni ne ma na so in ruga. Na kama keken, ya riƙe min riga. Ya ce in aka miƙa mata keke a wajen wannan layin, an kore ta daga tseren ke nan. Dole ita ta kawo kanta nan da ƙafarta." Ya nuna min farin layin da aka zuba a ƙasa. "Ya ce, bar ta, ni na koya mata ɗaukar keke, za ta iso."

"To me ya hana shi miƙa mata da kansa?"

"Tun safe ya ce jikinsa ba ƙarfi. Na ce mu tafi asibiti, ya ce sai an gama tseren mata. Na ja masa kujera can inuwar motar ruwa. Daga nan yake ba ni umarni: riƙe sirdi da hagu, ɗaga feda ta dama, kada ka yi mata magana mai yawa. Ta iso ta jefar da nata ta haye ta wuce. Ba ta waiga ba, haka ake yi. Shi kuwa yana ta kaɗa ƙararrawa."

"Yana raye lokacin?"

"Yana raye, har da faɗa. Ya ce in gaya mata ta daina matse birki a kwanar can, tana zubar da gudunta a banza. Ya ga ta tsallake layin ƙarshe. Ya ce alhamdulillahi, ya ajiye ƙararrawar a cinya. Na je in ɗebo masa ruwa, na dawo na tarar kansa ya karkata. Na kwantar da shi na yi duk abin da na iya, Mama. Lokaci ya yi."

"Me ya sa ba ka gaya wa iyalinsa ba?"

"Na faɗa a wurin maza ranar gaisuwa. Na ɗauka ya isa ciki. Na kira Wejdan, waya a kashe." Ya sunkuyar da kai. "Juma'a mai zuwa ce ta ƙarshe a bana. Ita ce kan gaba a mata. Za ta zo?"

"Ban zo da wannan amsar ba. Ina kujerar?"

Ya ɗauko ta daga bayan motarsa. Kujera ce ta zane mai naɗewa, ƙararrawar tana rataye a hannunta. Na saka ta a motata.

Ana kiran sallar Juma'a na iso Safa. Na hau matakala da kujerar, ina hutawa a kowane hawa, ina barin taɓo a inda na taka. Ban biya ta ɗakina ba. Na tura ƙofar Sauda.

"Abla, ina kika shiga haka? Dubi abayarki."

"Kira min Wejdan."

"Ba ta fitowa."

Na je na buga ƙofar da tafin hannu, irin bugun da nake yi wa tebur a aji. "Fito, ya binti. Ba roƙonki nake ba."

Ta fito ta tsaya jikin bango, nesa da uwarta. Na buɗe kujerar a tsakiyar falon. Ƙararrawar ta yi 'yar ƙara. Dukansu suka gane ta. Sauda ta miƙa hannu ta shafa zanen, inda zamansa ya lotsa shi. Wejdan ta matso, ta durƙusa a ɗaya gefen.

Na ce, "Mutumin da ke cikin bidiyon sunansa Meshari, yana raye, yau ma na ga ya faɗi a wurin. Abdulƙahar bai hau keke ba, bai yi gudu ba. A kan kujerar nan yake tun safe. Ya ga Wejdan ta iso da ƙafarta, ya ga ta gama tsere, ya ce alhamdulillahi. Ya bar saƙo a gaya mata ta daina matse birki a kwana. A zaune ya rasu."