Filin Shekara Biyu

Sher Baz bai iya karatu ba, amma ya san fili idan ya gan shi. Da 'yarsa Shagufta ta shimfiɗa takardar a kan gadon igiya, yatsansa ya sauka daidai inda ba rubutu.

"Nan fa?"

"Ba komai, Abba. Shekara biyun da ban yi aiki ba ne."

Takardar tarihin karatunta da aikinta ce. Wani babban asibiti a Lahore za ta aika wa, inda likitoci ke ƙwarewa. Shekara huɗu ake yi a can.

Ya san shekarun nan biyu. Uwarta ta rasu, shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Shagufta ta ajiye aiki a Rawalpindi ta dawo gida Chakwal. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, tana ba shi abinci a cokali yana zaginta.

"In suka ga fili, me za su ce?"

"Su ce zaman banza na yi, su ɗauki wani." Ta yi murmushi. "Ka ga ka huta da neman mai dafa maka shayi."

Ya dubi tsakar gida. Ɓauna ɗaya ta gida da ake tatsa, murhu, igiyar shanya. In ya yi shiru, ta zauna ke nan. Ya yi shirun har gari ya waye.

Da hantsi ya ɗauki sanda, ya hana ta raka shi. Ya ja ƙafa har bakin kotu, wurin Munawwar mai buga wa mutane takardu.

"Rubuta. Likita Shagufta ta yi jinyar wani mutum wata ashirin da huɗu, ba hutu. Ta same shi a kwance. Yanzu yana tafiya."

"Kawu, shaidar aiki ai shugaban asibiti ke bayarwa, da hatimi."

"Ni ne asibitin. Rubuta."

"To, in ƙara cewa tana da ladabi?"

"Ba ta da shi. Ka ce maras lafiyar mugun hali gare shi, ba ta gudu ba."

Munawwar ya turo tawada. Maza da babban yatsan hagu suke dangwalawa. Sher Baz ya ɗaga hannun da kansa, ya danna.

Shagufta ta karanta sau biyu.

"Abba, dariya za su yi."

"Su yi. Ai sai sun karanta tukuna. Cike filin."

Ta cike, ta haɗa da shaidar.

Bayan wata biyu suka kira ta. Ranar tafiya bai je tasha ba, ya ce ɓauna ba ta ci ba. Da la'asar ya kulle ɗakinta, ya rataye makulli a ƙusa. Ya kwaɓa gari, ya murza da hannu biyu. Gurasar ta fito a karkace, gefe ɗaya ya ƙone. Ya zauna ya cinye ta.